Malamin Ruga da Albashin Gari

A shekarar 1989 gwamnatin Babangida ta kafa Hukumar Ilimin Makiyaya ta Ƙasa, mai hedkwata a Kaduna, don a kai makaranta inda 'ya'yan makiyaya suke, tunda ba za su baro shanu su zo gari ba. Hukumar tana tsara manhaja, tana horar da malamai. Albashi kuwa ba a hannunta yake ba. Malamin firamare, na ruga ko na gari, daga kason ƙaramar hukuma ake biyansa, kuma ma'aunin ɗaya ne: takardar NCE, matakin aiki da shekarun da ya yi yana koyarwa.

A takarda wannan adalci ne, amma a je Birnin Gwari a gani. Wanda aka tura ƙauyen da ke bakin dajin Kamuku, daga albashinsa zai sayi man babur, ya yi faci, ya ratsa rafi da damina, alhali takwaransa na cikin gari da ƙafa yake zuwa aji. Ga kuma abin da kuɗin mai ba ya biya. Ranar 15 ga Maris 2021 'yan bindiga suka shiga firamaren ƙauyen Rama, yara suka watse, aka tafi da malamai uku. Bayan irin wannan, wa zai ga laifin malamin da ya shiga neman mai ƙafa a ofishin ilimi don a mayar da shi gari? Sai makarantar daji ta zama rabon wanda ba shi da kowa.

Ba wai ba a san maganin ba. A ranar malamai ta duniya ta 2020, Shugaba Buhari ya yi alƙawarin albashi na musamman ga malamai, da alawus na masu aiki a karkara. Abin da ya zama doka a 2022 shi ne ƙarin shekarun ritaya zuwa 65, ko 40 na aiki. Wato an ƙara wa malami wa'adi, aljihu kuwa yana nan yadda yake. Ƙarin albashi na kashi 27.5 da gwamnoni suka amince wa ƙungiyar malamai ta NUT a 2008 ma, sai da aka sha yajin aiki a jihohi da dama a kansa.

A Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari, aka yi sulhu da 'yan bindiga, aka sake buɗe kasuwar shanu. Kowa na cewa rashin ilimi ne ya tura samari daji. In haka ne, alawus ɗin malamin ruga kuɗin tsaro ne, kuma ƙaramar hukuma ba za ta iya ɗaukarsa ita kaɗai ba. Jiha ce ya kamata ta biya, a ɗaura shi a kan makarantar, ta yadda wanda ya koma gari zai bar shi ga wanda ya maye gurbinsa.