Agadas ba tashar 'yan ci-rani kaɗai ba ce

Tun da gwamnatin Janar Tiani ta Nijar ta soke dokar 2015 mai hana safarar baƙin haure a watan Nuwamban 2023, duk labarin da ya fito daga Agadas na motocin Hilux ne maƙare da matasa masu nufin Libiya. Har an kai wasu na ɗaukar direbobin hamada a matsayin 'yan fasa-ƙwauri tun asali. Wannan rashin sani ne.

Da yawansu a da 'yan rakiyar masu yawon buɗe ido ne. A shekarun 1980 Turawa kan sauka a garin, gasar motoci ta Paris-Dakar ta ratsa, a kai baƙi duwatsun Abzin, su ga zanen raƙuman dawa na Dabus, su kutsa Tenere har Jado, can inda Nijar ke dosar iyakar Aljeriya, Libiya da Chadi. Tawayen 1990 da na 2007, sannan sace ma'aikata a Arlit a 2010, suka kashe kasuwar. Mai mota da ya san rijiyoyi, ina zai nufa?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda muka manta cewa wannan hanya tamu ce tun kafin Bature ya san ta. Duk kaka ayarin Buzaye kan ɗauki geron Damargu, madugu a gaba, su keta Tenere zuwa Fashi da Bilma, su dawo da dabino da kantun gishiri. Gishirin nan har Kano yake isa, a mayar da turkuɗin Kura, wanda Abzinawa ke naɗa rawani da shi. Wani Bature matafiyi, Barth, ya shiga Agadas a 1850 ya rubuta abin da ya gani; mu jikokin fatake ba mu ko leƙa ba. Ga hasumiyar masallacin ginin ƙasa mai tsawon mita 27, ga fadar Sarkin Abzin, UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2013, kuma da Hausa ake ciniki a kasuwa.

Matsalar tsaro gaskiya ce, ba a shiga Tenere babu rakiyar sojoji. Amma hukumomin Yamai su daina zaman jiran jirgin masu yawon buɗe ido daga Faransa. Su gyara hanyar Damagaram zuwa Agadas, su tallata bikin Bianu na Agadas da taron makiyaya na Ingal a Kano da Katsina da Maraɗi. Masu kuɗinmu da ke kwasar iyali zuwa Dubai, ku ma da ku nake.