Ƙuduri Na 14: Yadda Dillalan Gidaje Suka Juya Akalar Zaɓe A Kalifoniya



A ranar Talata 3 ga Nuwamba, 1964, mutanen jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka suka fita rumfunan zaɓe suka yanke hukunci guda biyu waɗanda da wuya a ce daga zuciya ɗaya suka fito. Sun ba Shugaba Lyndon Johnson rinjaye mai yawa, shi da ya sa hannu a kan dokar haramta wariyar launin fata wata huɗu kafin nan. A wannan rana kuma, kusan kashi 65 cikin 100 na masu zaɓen suka amince da wani gyara ga tsarin mulkin jihar, wanda aka sani da Ƙuduri na 14, suka rushe dokar da ta hana mai gida ƙin sayar wa mutum ko ba shi haya saboda launin fatarsa. Mutum miliyan huɗu da rabi ne suka ce i, sama da miliyan biyu suka ce a'a.

Wata ƙungiyar sana'a ce ta rubuta wannan ƙuduri, ta tara masa sa hannu, ta zuba masa kuɗi: Ƙungiyar Dillalan Gidaje da Filaye ta Kalifoniya. Labarin yadda ta yi hakan ya cancanci a tsaya a kansa, domin yana nuna iyakar da ke tsakanin kare sana'a da cin haƙƙin jama'a da sunan sana'a.

Tushen al'amarin

An kafa uwar ƙungiyar dillalan gidaje ta Amurka a birnin Shikago a 1908, da nufin tsarkake sana'ar daga 'yan damfara da masu sayar da fili ɗaya ga mutum biyu. A 1913 ta fitar da kundin ladubban sana'a. Manufa ce kyakkyawa, kuma jama'a sun amfana da ita. Sai dai a 1924 aka ƙara wani sashe a kundin, wanda ya hana dillali shigar da mutanen wani launi ko wata ƙabila cikin unguwa idan ana ganin zuwansu zai karya darajar gidajen wurin. Tun kafin nan ma, a 1921, reshen Shikago ya yanke shawarar korar duk ɗan ƙungiyar da ya sayar wa baƙar fata gida a layin da farare ke zaune.

Da Kotun Ƙolin Amurka ta hana hukumomin birane raba unguwanni bisa launin fata a 1917, sai aka koma ga wata dabara. Ana rubuta sharaɗi a takardar gida cewa ba za a taɓa sayar da shi ga baƙar fata ba, a wasu wuraren har da Bayahude da mutumin Asiya da ɗan asalin Meziko. A 1948 Kotun Ƙoli ta ce kotuna ba za su ƙara tilasta irin wannan sharaɗi ba, a 1950 kuma ƙungiyar ta cire ambaton launi daga kundinta. Amma abin da ya fita daga takarda bai fita daga aiki ba. Baƙar fata zai zo da kuɗinsa a hannu, a ce masa an riga an sayar, ko a nuna masa unguwar "irinsa". Dillalai baƙaƙe kuwa, da yake an rufe musu ƙofar ƙungiyar, sai suka kafa tasu a 1947.

Dokar Rumford

William Byron Rumford mai haɗa magunguna ne a garin Berkeley, kuma baƙar fata na farko da aka zaɓa daga arewacin Kalifoniya zuwa majalisar dokokin jihar. Shi ya ɗauki nauyin dokar adalci a harkar gidaje, wadda majalisa ta amince da ita a watan Yuni na 1963, a daren ƙarshe na zamanta, bayan matasa masu fafutuka sun kwashe makonni suna zaman dirshan a cikin ginin majalisar da ke Sacramento. Gwamna Edmund Brown ya sa mata hannu.

Dokar ba ta da faɗi kamar yadda masu adawa da ita suka zuzuta. Ta fi shafar gine-ginen haya masu ɗauke da gidaje biyar ko fiye, da gidajen da aka gina ko aka saya da tallafin gwamnati. Ba ta tilasta wa kowa sayar da gidansa ba, ba ta kuma hana shi duba ko mai haya zai iya biya ba. Abu ɗaya ta hana: a mayar da launi ko addini ko asali dalilin ƙi.

Dillalan ba su jira ba, domin sun riga sun gwada ƙarfinsu a ƙaramin fili. A farkon 1963 majalisar garin Berkeley ta yi irin wannan doka a matakin gari, aka tara sa hannu aka kai ta ga ƙuri'ar jama'a, ta faɗi da ƙaramar tazara a watan Afrilu. A watan Maris na 1964 irin haka ta faru a birnin Seattle na jihar Washington, inda ƙungiyar dillalan birnin ta tsaya a gaba aka kayar da dokar da babban rinjaye. Darasin da suka ɗauka shi ne, abin da ba a samu a zauren majalisa ba ana iya samun sa a akwatin zaɓe, matuƙar an iya zaɓen kalmomi.

Ƙarfin reshe da ƙarfin kalma

Makamin farko na ƙungiyar shi ne rassanta. Kusan kowane gari a jihar yana da reshe, kowane reshe yana da ofisoshin dillalai a bakin titi, kowane dillali kuma ya san masu gidajen unguwarsa ɗaya bayan ɗaya, tunda shi ya sayar musu. Ba kowace jam'iyya ce ke da irin wannan shiga a gidajen mutane ba. Aka kafa wani kwamiti mai suna Kwamitin Kare Gida, aka raba takardun sa hannu, cikin 'yan watanni aka zarce adadin da doka ta nema. Ƙungiyar masu gidajen haya ta mara musu baya, babbar jaridar Los Angeles Times ma ta goyi bayan ƙudurin.

Makami na biyu, wanda ya fi kaifi, shi ne lafazi. Duk wanda ya karanta Ƙuduri na 14 ba zai ga kalmar baƙi ko fari a ciki ba. Abin da ya ƙunsa shi ne, jiha ko wata hukumarta ba ta da ikon tauye wa mutum damar ƙin sayarwa ko ba da haya ga duk wanda ya ga dama, bisa zaɓin ransa kawai. A tarurruka da tallace-tallace suka daina kiran dokar Rumford dokar adalci, suka laƙaba mata "zaman dole". Ba su ce wa mai zaɓe ka ƙi maƙwabci baƙi ba, sai suka ce masa ka kare 'yancinka a kan dukiyarka. Da haka mutumin da ba zai yarda a kira shi mai wariya ba ya samu mafakar da zai jefa ƙuri'arsa ransa a kwance.

Gwamna Brown ya yaƙi ƙudurin, haka ƙungiyoyin ƙwadago da malaman coci da na Yahudawa masu yawa. Martin Luther King ya zo jihar ya yi gargaɗi a kansa. Duk da haka suka sha kaye.

Akwai abu biyu da suka tona asirin hujjar 'yanci. Na ɗaya, wannan ƙungiya da ke kukan an tauye wa mai gida zaɓi ita ce ta shafe shekaru tana tauye masa shi. Bature da ya so ya sayar wa baƙar fata gidansa yakan rasa dillalin da zai yi masa cinikin, saboda tsoron kora daga reshe. Na biyu, zancen faɗuwar daraja bai tsaya da ƙafarsa ba. Wani masanin tattalin arziki, Luigi Laurenti, ya wallafa bincike a 1960 a kan cinikin gidaje a San Francisco da Oakland da Philadelphia, ya gano cewa a mafi yawan unguwannin da baƙaƙe suka shiga farashi bai faɗi ba, a wurare da dama ma tashi ya yi. Inda ya faɗi kuwa, sau da yawa wasu dillalai ne ke tsoratar da farare su sayar da araha, su kuma su juya su sayar wa baƙaƙe da tsada.

Abin da ya biyo baya

Nasarar ba ta yi daɗin ci ba. Gwamnatin tarayya ta dakatar da kuɗaɗen sabunta birane da take ba jihar. A watan Agusta na 1965 tarzoma ta ɓarke a unguwar Watts ta Los Angeles, inda aka cunkushe baƙaƙe shekara da shekaru, mutum 34 suka mutu cikin kwana shida. Kwamitin binciken da gwamna ya naɗa ya lissafa Ƙuduri na 14 cikin abubuwan da suka ƙara wa mutanen unguwar ɗacin rai.

Sai shari'a ta shigo. Wasu ma'aurata baƙaƙe a garin Santa Ana, waɗanda aka hana haya, sun kai ƙara. A watan Mayu na 1966 Kotun Ƙolin Kalifoniya ta ce ƙudurin ya saɓa wa tsarin mulkin Amurka, a ranar 29 ga Mayu, 1967 kuma Kotun Ƙolin ƙasar ta tabbatar da hakan da alƙalai 5 a kan 4. Hujjarsu ita ce, jihar ba ta tsaya a tsakiya ba kamar yadda aka yi da'awa, ta ɗauki wariya ta ba ta mazauni a tsarin mulkinta. A ranar 11 ga Afrilu, 1968, mako guda bayan kashe Martin Luther King, aka sa hannu a kan dokar tarayya ta adalci a harkar gidaje, uwar ƙungiyar dillalan tana adawa da ita. Sai a 1974 masu zaɓen Kalifoniya suka share rubutun ƙudurin daga tsarin mulkinsu.

Neman gafara ya ɗauki lokaci mai tsawo. Uwar ƙungiyar ta fito fili ta nemi afuwa a watan Nuwamba na 2020, reshen Kalifoniya kuma a watan Oktoba na 2022, shekara 58 bayan zaɓen. A tsakanin nan, gidan da aka hana kaka saye a 1964 ya ninka daraja sau da yawa a hannun wani, jikan kuma ya tashi babu gadon. Neman afuwa abu ne mai kyau, amma bai mayar da gida ko ɗaya ba.

Ina iyakar take?

Kada mai karatu ya ɗauka cewa laifi ne 'yan sana'a su haɗa kai su je gaban hukuma. Dillanci sana'a ce halal, Imam Bukhari ya ware wa ladan dillali babi, ya kawo sunayen manyan tabi'ai da ba su ga aibu a cikinsa ba. Dillalan gidaje sun fi kowa sanin inda haraji ya yi wa mai ƙaramin ƙarfi nauyi, da inda takardar mallaka ke maƙalewa, da yadda 'yan damfara ke shigowa. Hukumar da ta ƙi sauraron su ta cuci kanta da talakawanta. Aya ta 85 a Suratun Nisa'i ta raba shiga tsakani gida biyu, mai kyau da mummuna, ta kuma ɗora wa mai yin kowanne rabonsa daga abin da ya haifar.

Sai dai malamanmu sun daɗe da hango hatsarin da ke cikin haɗin kan masu sana'ar da jama'a ba su da makawa sai sun bi ta hannunsu. Ibn Taimiyya, a littafinsa na Hisba, ya kawo cewa Imam Abu Hanifa da almajiransa sun hana masu raba gidaje da filaye don lada su haɗu su zama kamfani ɗaya, saboda idan suka haɗu alhali ana buƙatar su, za su tsawwala wa mutane. Abin da malaman suka ji tsoro a kan farashi, a Kalifoniya ya faru a kan abin da ya fi farashi girma, wato wa zai zauna a ina, ɗan wa zai shiga wace makaranta.

Ma'aunin da wannan labari ya bar mana mai sauƙi ne. Idan ƙungiyar sana'a ta zo da buƙata tana cewa don jama'a take yi, a tambaya: wa zai biya kuɗin wannan buƙata, kuma yana cikin ɗakin da ake shawarar? A 1964 wanda zai biya shi ne mai neman haya da aka rufe wa ƙofa, ba shi da reshe, ba shi da kuɗin talla, ƙuri'arsa kuma 'yar kaɗan ce. Yawan hannun da aka ɗaga bai mayar da zalunci adalci ba, kamar yadda kyawun lafazin ƙudurin bai canza abin da aka nufa da shi ba.

Duk wanda Allah ya ba shugabancin wata ƙungiyar sana'a, ko ya ba shi kujerar da ƙungiyoyi ke zuwa roƙo a gabanta, ya tuna cewa mutanen da suka tara sa hannun nan ba dodanni ba ne. Magidanta ne masu neman abinci, waɗanda suka saba da wata riba har suka ɗauke ta haƙƙi. Jikokinsu ne suka zo daga baya suna ba da haƙuri a madadinsu.

Allah ya nuna mana gaskiya ya ba mu ikon bin ta, ya tsare mu daga cin haƙƙin wanda ba shi da mai tsaya masa.