Abubuwan Al'ajabi Bakwai Game da Tsaunukan Alps

Tsaunukan Alps sun ratsa ƙasashe takwas na Turai, kuma ƙanƙarar da ke kansu ce ke shayar da manyan koguna irin su Rhine da Rhone da Po. Ga kaɗan daga cikin al'ajabinsu.

1. Tsayi mai sauyawa: Mont Blanc, wanda ya fi kowanne tsawo, ya kai kimanin mita 4,806. Sai dai duk lokacin da aka auna shi akan samu bambanci, domin ƙanƙarar da ta lulluɓe kansa tana ƙaruwa tana raguwa.

2. Kogin da ya daskare: Aletsch na ƙasar Suwizalan kogi ne na zallar ƙanƙara mai tsawon kilomita 20, kaurinsa a wani wuri ya kai kusan mita 800. Mai kallo zai rantse ba ya motsi, alhali kullum gangarowa yake yi sannu-sannu.

3. Sirrin launin tafkuna: Yayin gangarowar nan, ƙanƙara kan niƙe duwatsun da ke ƙarƙashinta su zama kamar garin tuwo. Garin ne ke yawo cikin ruwa, da rana ta haske shi sai tafki ya yi shuɗi mai ratsin kore.

4. Gawar da ba ta ruɓe ba: A 1991 masu hawan dutse suka tsinci gawar wani mutum kusa da iyakar Italiya da Ostiriya. Bincike ya nuna ya shekara kusan 5,300 cikin ƙanƙara, da tsinin kibiya a kafaɗarsa. Ana kiransa Ötzi.

5. Hasumiya a tsakiyar ruwa: A 1950 madatsar ruwa ta nutsar da wani ƙauye a tafkin Resia na Italiya. Hasumiyar cocinsa kaɗai ta rage a sama, kuma idan hunturu ya daskarar da tafkin, da ƙafa ake zuwa gindinta.

6. Baƙuwa daga Sahara: Iska kan kwashi ƙurar hamada ta ƙetare Bahar Rum ta zube ta kan dusar ƙanƙara, farin dutse ya wayi gari ja-ja. Wannan ƙura na sa ƙanƙara ta ƙara shan zafin rana, ta narke da wuri.

7. Bargo don ƙanƙara: Lokacin zafi akan lulluɓe wani sashe na ƙanƙarar da ke shayar da kogin Rhone da fararen barguna don rage narkewa. Abin ya kai a damu, domin a 2022 da 2023 kaɗai Suwizalan ta rasa kashi 10 cikin 100 na ƙanƙarar tsaunukanta, kuma miliyoyin mutane da gonakinsu sun dogara da ruwanta.