Ayarin masu keke

A birnin Yawunde akwai wata unguwa da ake kira Briqueterie. An sa mata wannan suna ne saboda a can ake yin tubalin gini a zamanin Jamusawa. Hausawa da yawa suna zaune a cikinta. Kakanninsu fatake ne. Sun zo daga arewa da ƙafa, ta Tibati da Yoko, suna neman goro da hauren giwa. Ba su tafiya ɗai-ɗai, sai a ayari. Madugu ne shugaban ayari, jagaba kuma shi ke nuna hanya. In rana ta yi, su sauka a zango.

Yau fatake sun koma shiga mota da jirgin ƙasa. Amma har yanzu akwai masu doguwar tafiya a ayari. Su ne masu keke.

Masu keke iri biyu ne. Akwai ƴan tsere, kamar na Tour de France da aka fara a 1903, da na Tour du Cameroun da aka fara a 2003. Su motoci ke bin su a baya da ruwa da makanikai da likita. Akwai kuma matafiya, masu son ganin ƙasa. Su babu motar da ke bin su. Kowa yana ɗaure kayansa a bayan kekensa: famfo, gam da robar faci, gorar ruwa, bargo da ɗan guzuri. Wanda zai tashi daga Yawunde yana iya sayen gyaɗa a kasuwar Elig-Edzoa, ya sayi kilishi a Briqueterie.

Daga Yawunde zuwa Ngaundere a kan titi ya fi kilomita 800. Hanya tana bi ta Bertoua, Garoua-Boulaï da Meiganga. Da farko kurmi ne mai dogayen itatuwa. Daga baya sai fili da ciyawa da shanu a tudun Adamawa. Mai keke da kaya yakan yi kilomita 80 zuwa 100 a yini. Ke nan tafiyar ta kusan kwana goma ce.

Me ya sa suke tafiya tare? Dalili na farko iska ce. Na gaba shi ke fasa iska da ƙirjinsa, don haka ya fi kowa gajiya. Na baya suna fakewa da shi. In ya gaji, sai ya koma ƙarshen layi ya huta, na biyu ya shige gaba. Haka suke yi bi da bi har yamma. Dalili na biyu taimakon juna ne. In tayar wani ta fashe, duka ayari ya tsaya. Ba a barin kowa shi kaɗai a daji. Dalili na uku, direbobin manyan motocin katako sun fi saurin hango mutum goma a jere bisa mutum ɗaya.

Duk da haka, ayari ba ya isar wa kansa. Keke ba ya ɗaukar ruwan kwana goma. Ruwa yakan ƙare da tsakar rana. Sarƙa takan tsinke nesa da gari. Hadari yakan taso, ko dare ya yi ba a kai masauki ba. Tafiyar dare kuwa haɗari ce. A nan ne matafiya ke bukatar mutanen ƙauye, waɗanda ba su taɓa ganinsu ba.

In sun shiga ƙauye, ba su sauka inda suka ga dama. Sai su fara yin sallama wurin mai gari. A Adamawa ana kiransa jauro. Su faɗi inda suka fito da inda za su. Shi zai nuna musu wurin kwana, ko zaure, ko ajin makaranta, ko rumfa. Yara su raka su rijiya. A kudu akan ba baƙo rogo, ayaba ko gwanda. A arewa akan ba shi nono ko zuma. Mai gyaran keke ya duba sarƙa. Tsofaffi su gaya musu inda gada ta karye da inda hanya ba ta da lafiya.

Sau da yawa harshensu ba ɗaya ba ne. Mai gida yana jin Ewondo, ko Gbaya, ko Fulatanci. Baƙo yana jin Hausa ko Faransanci. Addininsu ma yana iya bambanta. Amma ƙishirwa ba ta bukatar tafinta. Mai gida ba mai kuɗi ba ne. Ruwan da ya bayar, daga nesa aka ɗauko shi a ka. Shi ya sa baƙon kirki ba ya ɓarna da shi. Yana cin abin da aka ba shi, ba ya raina shi. Da safe ya share inda ya kwana, ya yi godiya, ya ba da ɗan tukwici in yana da shi. In ya bar suna mai kyau, ayarin da zai zo bayansa ma za a karɓe shi.

Haka aka karɓi fataken da suka fara sauka a Yawunde. Jikokinsu su ne masu gida a Briqueterie yau. In baƙo ya yi sallama a ƙofarsu, juyinsu ne ya zo. Hausawa sun ce: alheri gadon barci.

Kalmomi

ayari: caravane
zango: étape
faci: réparation d'un pneu
kurmi: forêt
tafinta: interprète

Tambayoyi

1. Daga ina aka samo sunan Briqueterie?
2. Mene ne bambancin ɗan tsere da matafiyi?
3. Me ya sa na gaba ya fi kowa gajiya?
4. Wurin wa baƙi ke fara zuwa in sun shiga ƙauye?
5. Ayari yana yin kilomita 90 a yini. Kilomita nawa zai yi cikin kwana 9?