Yadda Sarautar Zanzibar Ta Faɗa Hannun Turawa

Ina so in ɗan yi muku bayani a kan wata masarautar Musulmi da aka taɓa yi a gabashin Afirka, watau Zanzibar. Tsibiri ne a cikin Tekun Indiya, kusa da gaɓar ƙasar da yanzu ake kira Tanzaniya. Larabawan Oman ne suka kori Turawan Fotugal daga wannan yanki a 1698, suka kafa ikonsu.

Wanda ya ɗaukaka Zanzibar shi ne Sayyid Sa'id, Sarkin Oman. Ya ga ƙasar tana da ni'ima da tashar jiragen ruwa mai kyau, sai ya baro Maskat ya mai da gadon sarautarsa can wajen 1840. Ya sa aka dasa kanumfari ko'ina, har Zanzibar da maƙwabciyarta Pemba suka zama su ne kan gaba a duniya wajen nomansa. Fatake kuma suna ratsa daji har manyan tafkuna, suna kawo hauren giwa da bayi. Wannan shi ne abin baƙin ciki a tarihin, domin da gumin bayi aka raya gonakin nan, kuma kasuwar bayin birnin ba ta da na biyu a gabashin Afirka. Sai a 1873 Ingila ta matsa wa Sarki Bargash ya rufe ta.

To, yaya aka yi ƙasa mai wannan arziki ta suɓuce? Da Sa'id ya rasu a 1856 'ya'yansa suka yi ta jayayya, har Turawan Ingila suka shiga tsakani, aka raba Oman da Zanzibar a 1861. A ganina tun daga nan aka sami ɓaraka, don wanda ya raba maka gado gobe zai ce yana da bakin magana a gidanka. A 1886 Ingila da Jamus suka zauna suka yanke wa Sarki iyaka, suka bar masa tsibiransa da ɗan zirin gaɓa mai faɗin mil 10. A 1890 kuma suka yi yarjejeniya, Jamus ta karɓi wani ƙaramin tsibiri mai suna Heligoland, ta bar wa Ingila Zanzibar a matsayin ƙasar da take ba kāriya.

Wannan kalma ta kāriya tana da daɗin ji, amma ma'anarta ita ce Sarki yana nan da rawaninsa da fadarsa, hukunci kuwa na Bature ne. Mu nan Arewa mun san irin wannan tun daga 1903. Abin ya fito fili ranar 25 ga Agusta 1896, da Sarki Hamad ya rasu. Khalid ɗan Bargash ya shige fada ya hau gado ba da yardar Turawa ba, su kuwa Hamud suke so. Suka ba shi wa'adi zuwa ƙarfe 9 na safen 27 ga wata. Ya ƙi sauka. Jiragen yaƙinsu suka buɗe wa fadar wuta da igwa, kafin minti 45 an gama. Mutanen Khalid wajen 500 aka kashe ko aka raunata, a ɓangaren Ingila kuwa mutum ɗaya tak ya ji rauni. An ce ba a taɓa yin yaƙi gajere kamarsa ba. Khalid ya fake a ofishin jakadancin Jamus, aka tsallake da shi Darussalam, aka naɗa Hamud. Shi ne ya sa hannu a dokar hana bauta a 1897.

Zanzibar ta sami 'yancin kai ranar 10 ga Disamba 1963, amma sarautar ba ta kai wata biyu ba bayan haka. Ranar 12 ga Janairu 1964 aka yi juyin juya hali mai zubar da jini, aka kashe Larabawa da Indiyawa da dama, Sarki Jamshid ya gudu zuwa Ingila. A watan Afrilu na shekarar Shugaba Abeid Karume ya haɗe tsibiran da Tanganyika, aka sami Tanzaniya.