Matsalar Rubuta Kwanan Wata a Kwamfuta: Misali Daga Ƙasar Daura

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu nuna yadda kwanan wata ɗaya kan iya canza kama idan aka shigar da shi cikin kwamfuta, musamman a wuri irin ƙasar Daura, inda jama'a ke aiki da lissafi biyu, na Hijira da na Miladiyya.

Bari mu fara da mafi sauƙi, wato jerin lambobi. A Nijeriya, da kuma maƙwabtanmu na Damagaram, rana ake fara rubutawa, sannan wata, sannan shekara. Amurka kuwa wata take gabatarwa. Saboda haka 1/10/1960, ranar samun 'yancin kai, manhajar da aka saita a kan tsarin Amurka za ta karanta ta 10 ga Janairu. Ranar kafa Jihar Katsina, 23/9/1987, ta tsira ne kawai domin babu wata na 23. Maganin wannan tuni aka samo shi a ƙa'idar ISO 8601 ta shekarar 1988, wadda ta ce a fara da shekara, a rubuta 1960-10-01.

Batun agogo ya fi wannan ɓuya. Nijeriya tana gaba da agogon GMT da awa ɗaya, Saudiyya kuma da awa uku. Manhajoji da yawa ba sa ajiye rana ita kaɗai, sai sun liƙa mata ƙarfe sha biyun dare. Idan aka juya wannan lokaci zuwa GMT, sai ya koma ƙarfe sha ɗayan daren jiya. Ta haka ɗalibin da aka haifa ranar 1 ga Janairu kan wayi gari takardarsa ta ce 31 ga Disambar shekarar da ta gabata, ta saɓa wa sauran takardunsa, alhali ba wanda ya taɓa ta da alƙalami.

To, amma inda gizo ke saƙar shi ne lissafin Hijira. Da farko, a wurinmu rana tana shiga ne da faɗuwar rana. Abin da Bahaushe ke kira daren Juma'a, kwamfuta Alhamis take ɗaukarsa har sai sha biyun dare ta buga. Na biyu, kwamfuta ba ta ganin wata, lissafa shi take yi. Wani tsarin yana bin zagayen shekara 30, wanda 11 daga ciki ke da kwana 355, saura 354. Wani kuma yana bin kalandar Ummul Ƙura ta Saudiyya. Mu kuwa tsayuwar wata sai Sarkin Musulmi ya sanar daga Sakkwato. Don haka 12 ga Rabi'ul Awwal, lokacin Mauludi da ake haɗawa da Sallar Gani a Daura, yana iya bambanta da abin da waya ta nuna da kwana ɗaya, wani lokaci ma biyu. A sha'anin biki wannan ƙaramin abu ne. A sha'anin idda ko wa'adin bashi a gaban alƙali kuwa, kwana ɗaya hakkin mutum ne.

Masu nazarin tarihi ma suna da tasu. Manhajar Excel ba ta san wata rana kafin 1 ga Janairu 1900 ba. Dawowar Malam Musa sarautar Daura a 1906 za ta shiga daidai, amma duk abin da ya faru a ƙarni na 19, rubutu kawai take ɗaukarsa, ba za ta jera shi bisa tsarin lokaci ba. Ga kuma shekarar Hijira guda, wadda galibi kan ratsa shekaru biyu na Miladiyya.

A ganinmu, duk ma'aikacin da ke kwafe tsofaffin takardun kotu ko na fada ya kamata ya ware gurbi biyu. A ɗaya ya rubuta kwanan Hijira yadda marubucin asali ya sa shi, da sunan ranar mako in akwai. A ɗayan ya sa na Miladiyya, tare da bayanin tsarin da aka bi wajen juyawa. Sunan ranar makon nan shi ne zai raba gardama, domin idan takarda ta ce Talata, lissafi ya ba da Litinin, to lissafin ne za a matsar da kwana ɗaya.