Ma: Sunan Dangin Sinawa Mai Tushe Biyu, Ɗaya Daga Fagen Yaƙi, Ɗaya Daga Sunan Muhammadu

Ɗan kasuwar da ya saba zuwa Guangzhou ko Yiwu sayo kaya zai yi wuya ya dawo bai karɓi katin wani mai suna Ma ba. Mai gidan abincin halal da ke kusa da masaukinsa Ma ne, wanda ya kafa kamfanin Alibaba da yake duba farashi a shafinsa shi ma Ma ne. Sai mutum ya ɗauka dangi ɗaya ne, ko kuma duk mai wannan suna Musulmi ne. Duka biyun kuskure ne, kuma tarihin sunan shi ke bayyana dalili.

A al'adar Sinawa sunan dangi ke zuwa farko, sunan yanka ya biyo baya. Ɗa yana gadon na ubansa, mace kuma ba ta sauya nata bayan aure. Kalmar Ma tana nufin doki. Sinanci harshe ne mai karin sauti kamar Hausa, don haka idan aka sauya muryar, "ma" ta koma uwa, ko rama, ko zagi. Sunan yana cikin ashirin da suka fi yawa a ƙasar Sin, masu amsa shi sun kai miliyoyi da dama.

Tushen farko yana komawa ga wani ma'aikacin haraji mai suna Zhao She, wanda ya rayu a masarautar Zhao, a yankin lardin Hebei na yau, lokacin da ƙasar ke rabe tsakanin masarautu masu yaƙar juna. Tarihi ya nuna cewa gidan wani ɗan sarki mai ƙarfi, Pingyuan, ya ƙi biyan haraji, sai Zhao She ya zartar da hukuncin kisa kan wakilan gidan su tara. Ɗan sarkin ya fusata, ya yi niyyar kashe shi. Zhao She ya nuna masa cewa idan manya suka taka doka masarauta za ta raunana, makwabta su cinye ta, dukiyar da yake karewa ma ta tafi. Maimakon kisa, sai ɗan sarkin ya gabatar da shi ga sarki, aka ɗora shi kan harajin ƙasar baki ɗaya.

Daga baya aka ba shi runduna. Wajen shekara ta 270 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ya fatattaki sojojin Qin, waɗanda a lokacin ba a cika samun mai tsaya musu ba. Sarki ya saka masa da sarautar Mafu, sunan wani wuri kusa da birnin Handan. Jikokinsa suka mayar da sarautar sunan gida, sannu a hankali aka gutsure ta ta zama Ma. Abin ya yi kama da yadda sarautar Galadima ko Madaki kan manne wa zuriya har ta zama sunanta. Ba a rasa abin kunya a gidan ba: ɗansa Zhao Kuo ne ya jagoranci rundunar da Qin ta hallaka a Changping a shekara ta 260, ɗaya daga cikin munanan asarori a tarihin yaƙe-yaƙen Sin.

A zamanin daular Han zuriyar ta kafu a Fufeng, cikin lardin Shaanxi na yau, kuma har yanzu gidajen Ma da yawa na ƙabilar Han suna danganta kansu da wurin. Daga nan Janar Ma Yuan ya fito, wanda ya murƙushe boren arewacin Biyetnam a shekara ta 43 miladiyya, 'yarsa kuma ta zama matar sarki.

Tushe na biyu ya zo bayan wannan da fiye da shekara dubu, kuma ba shi da alaƙar jini da na farko. Musulmi sun fara shiga Sin da fatauci tun zamanin daular Tang, amma babban kwararowarsu ya faru ne a ƙarni na 13, lokacin da Mongol suka mamaye ƙasar suka kawo Farisawa, Larabawa da mutanen Asiya ta Tsakiya a matsayin sojoji, masu sana'a da jami'an mulki. Ɗaya daga cikinsu, Sayyid Ajall Shamsuddin, mutumin Bukhara, ya zama gwamnan Yunnan a 1274. Da daular Ming ta kori Mongol a 1368, sabuwar gwamnati ta matsa a bar tufafi, harshe da sunayen baƙi. Jikokin waɗannan Musulmi, waɗanda dama sun auri 'yan ƙasa sun koma magana da Sinanci, suka nemi sunayen dangi masu gaɓa ɗaya da suka yi kusa da nasu. Hasan ya kan zama Ha, Nasiruddin ya zama Na ko Ding. Muhammadu, Mahmudu da makamantansu kuwa suka dace da Ma, sunan da dama akwai shi kuma yana da daraja. Tun da babu sunan da ya kai Muhammadu yawa a tsakanin Musulmi, Ma ya rinjayi saura, har Sinawa suke karin magana cewa cikin 'yan Hui goma, tara Ma ne. Akwai zuzutawa a maganar, amma ba ta yi nisa da abin da ake gani a wasu garuruwa ba.

Mafi shahara a wannan reshe bai mutu da sunan ba. An haifi Ma He a Yunnan a 1371, mahaifinsa da kakansa ana kiransu da laƙabin alhazai. Sojojin Ming suka kama shi yana yaro, aka mayar da shi bābā a gidan yarima Zhu Di. Da yariman ya hau mulki ya raɗa masa suna Zheng He, kuma shi ne ya jagoranci manyan tafiye-tafiyen jiragen ruwa bakwai tsakanin 1405 da 1433, har gaɓar Afirka ta Gabas. Tafintansa Ma Huan ya bar littafi da ya bayyana ƙasashen da aka ziyarta, ciki har da Makka. A fagen ilmi akwai Ma Jian, wanda ya tafi Azhar karatu a 1931. Fassarar Alƙur'ani da ya yi zuwa Sinanci, wadda aka buga a 1981 bayan rasuwarsa, ita ce aka fi amfani da ita. A siyasa kuma, wasu janar-janar Musulmi masu sunan Ma sun riƙe Qinghai, Ningxia da sassan Gansu da ƙarfin bindiga har 1949. Ɗayansu, Ma Bufang, ya ƙarasa rayuwarsa a Saudiyya.

Wannan tarihi shi ya tsara yadda sunan ya bazu. A arewa maso yamma, wato Ningxia, Gansu da Qinghai, da kuma wasu sassan Yunnan, Ma ya yi kauri ƙwarai, kuma galibin masu shi Musulmi ne: 'yan Hui, waɗanda ƙidayar 2020 ta nuna sun haura miliyan 11, da ƙananan ƙabilu irin su Dongxiang da Salar. A lardunan gabas da kudu kuwa, yawancin masu sunan 'yan Han ne. Ma Yun, wanda duniya ta sani da Jack Ma, ya kafa Alibaba a Hangzhou a 1999. Ma Huateng ya kafa Tencent, mai manhajar WeChat, a Shenzhen a 1998. Dukansu Han ne, kuma ba 'yan'uwan juna ba ne. Haka Ma Ying-jeou, wanda ya shugabanci Taiwan daga 2008 zuwa 2016.

Saboda haka baƙon da ke neman abincin halal kada ya dogara da sunan mai shago. Abin dubawa shi ne alamar "qingzhen", kalmar da Musulmin Sin suke amfani da ita wajen halal, wadda akan rubuta a kan koren allo. Shagunan taliyar naman shanu ta Lanzhou, da ake samu a kusan kowane babban birni, akasari Musulmin Gansu da Qinghai ke riƙe da su. Wanda kuma yake son sanin wane Ma ne a gabansa, tambayar da ta fi amfani ita ce daga wane lardi iyayensa suka fito.